"Gara soja su dawo": me tarihin kakin Najeriya ya ce game da wannan maganar?

Wai shin da gaske ne in soja suka karɓi mulki a ƙasar nan talaka zai samu sa'ida? Tambayar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun ranar 26 ga Yulin 2023 da Janar Tchiani ya tsare Bazoum a Yamai, ta ƙara zafi lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 da aka ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha suna kiran soja, kuma har gobe in ka zauna teburin mai shayi a Agege ko ka leƙa wajen 'yan gwari a Mile 12 ko cikin direbobin tanka a Apapa, da zarar an taɓo kuɗin fetur da kuɗin haya sai ka ji wani ya ce ni dai wallahi gara soja. In ka duba masu faɗin haka da yawansu bayan 1999 aka haife su, wasu kuma suna goye lokacin da Abdulsalami ya miƙa mulki.

Ni ban ga laifinsu ba, wanda ya sayi litar fetur ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ya wayi gari yana sayenta sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024 dole ya nemi wanda zai kira. Sai dai mu mazauna Legas muna da wata dama da wasu ba su da ita, kusan duk abin da ake magana a kai a garin nan ya faru, a titunan da muke bi kullum da danfo da acaɓa, to bari mu ɗan bi sawun.

Menene mulkin sojan ma tukuna?

Mutane da yawa suna ɗauka shugaba ne kawai zai canza, a cire mai babbar riga a sa mai kaki, sauran komai na nan. Ba haka abin yake ba. Sanarwar farko da ake yi a gidan rediyo ita ce an jingine tsarin mulki, an rushe majalisu, an haramta jam'iyyu, an rufe iyakoki da filayen jirgin sama, an sa dokar hana fita. Daga nan doka ta koma abin da ake kira dikiri, wato wasu hafsoshi 'yan ƙalilan su zauna a ɗaki su rubuta, shugaba ya sa hannu, shi ke nan ta hau kan kowa, kuma sau da yawa a cikin dikirin ake rubuta cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kanta. Gwamnan jiharku aiko shi za a yi kamar yadda ake tura kwamanda bariki, ba ku san shi ba bai san ku ba, wanda ya aiko shi kaɗai yake jin tsoro.

Najeriya ta yi kusan shekara 29 a irin wannan tsarin cikin shekara 39 na farko bayan samun 'yanci, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga daren ƙarshe na 1983 zuwa Mayun 1999. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne zaɓaɓɓiyar gwamnati sau 2 kacal soja suka kifar, ta Tafawa Ɓalewa da ta Shagari, sai ta riƙon ƙwarya ta Shonekan a 1993. Ragowar duk soja ne ke farautar soja: Yulin 1966, 1975, 1976, 1985, 1990.

Rundunar da aka haifa a Ikko

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye. Ita kanta rundunar sojan ƙasa ta Najeriya in tana ba da tarihinta daga 1863 take farawa, lokacin da wani Bature mai suna John Glover da ke riƙe da Legas ya tara wasu Hausawa 18, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gidansu, ya ba su bindiga da kaki, aka dinga ce masu Hausawan Glover. Titin Glover da ke Ikoyi sunansa ne. Waɗannan mutanen su ne iri, daga su aka yi ta faɗaɗawa har aka zo rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya jagoranta, kuma Hausa ce ta zama harshen bariki na tsawon shekaru, Bature kansa sai ya koye ta kafin ya ba da oda.

To ina aka nufa da wannan rundunar? Gida. A Fabrairun 1903 aka fasa ganuwar Kano, a Maris aka ci Sakkwato, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, a 1906 aka shafe garin Satiru. Turawan da ke cikin waɗannan yaƙoƙin 'yan ƙalilan ne, masu riƙe da bindigogin ɗaruruwan baƙar fata ne, Hausawa da Yarbawa da sauransu. Wato tun ran gini an kafa rundunar ne don ta ladabtar da mutanen cikin gida a madadin mai biyan albashi, kuma a ganina wannan tarbiyyar ba ta gama fita daga jikinta ba har yau, shi ya sa soja ke ganin farar hula kamar wani ƙaramin mutum da bai waye ba.

Wannan bai hana a yaba masu inda suka yi bajinta ba. Kakanninmu sun je yaƙin duniya na 2 sun gwabza da Japan a dazukan Bama, kuma sunayen barikokin garin nan da muke faɗa ba tare da mun san tushensu ba, Dodan a Obalende, Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, duk wurare ne a can ƙasar inda suka zubar da jini. Sun dawo an sallami mafi yawansu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da yawa gadi suka ƙare da shi.

1966: su wa aka fara kashewa?

Duk ɗan Arewa ya san an kashe Sardauna a Kaduna da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ranar 15 ga Janairun 1966, tare da Akintola a Badun da ministan kuɗi Okotie-Eboh. Wanda ba a cika tunawa ba shi ne a daren nan guda a nan Legas aka kashe manyan hafsoshin Arewa kusan kaf, Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da aka harbe a otal ɗin Ikoyi, da Laftanar Kanar James Pam. Shi Maimalari yaronsa na ofis ne ya harbe shi, Manjo Ifeajuna, mutumin da ya yarda da shi. Manjojin sun ce sun zo kawar da cin hanci da ƙabilanci ne, kuma a Legas an yi murna, jaridu sun yi ta yabo.

Ka bi ƙarshen kowa ka gani. Mulkin bai ma faɗa hannun waɗanda suka yi juyin ba, Janar Ironsi ne ya karɓa, su kuma aka kulle su. Ironsi ya yi wata 6 aka kashe shi a Badun tare da mai masaukinsa Fajuyi ranar 29 ga Yuli. Manjo Nzeogwu, wanda ya jagoranci juyin a Kaduna, ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a Yulin 1967 yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, aka ɗauko gawarsa aka binne a Kaduna da faretin girmamawa na soja. Ifeajuna kuma Ojukwu, jagoran Biyafara, shi ne ya sa aka harbe shi a Satumbar 1967 bisa zargin cin amana. Tsakanin wannan da wancan an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, 'yan tireda da ma'aikatan reluwe, wannan ma yana cikin lissafin ko da ba ma son tunawa.

Akwai wani abin mamaki a nan. Abin da ya tunzura Arewa har aka yi ta ihun araba a Mayun 1966 shi ne dikiri mai lamba 34 da Ironsi ya soke tsarin tarayya da ita ya tattara iko a tsakiya. Aka kashe shi aka soke dikirin. Amma gwamnatocin sojan da suka biyo baya, waɗanda galibi 'yan Arewa ne ke jagoranta, sai suka yi abin da ya fi na Ironsi a hankali a hankali, kuɗin mai da manyan jami'o'i da 'yan sanda komai ya koma hannun gwamnatin tsakiya, jihohi suka zama masu zuwa karɓar kaso duk wata. Yau da gwamnonin Arewa ke kukan ba su da iko da jami'an tsaro a jihohinsu alhali 'yan bindiga na cin karensu babu babbaka, tsarin da soja suka bari ne ake kuka da shi.

Yaƙin basasa da abin da ya bari

An fara harbi ranar 6 ga Yulin 1967, gwamnatin Gowon ta ɗauka ɗan aikin kwantar da tarzoma ne na 'yan makonni, sai da aka yi wata 30. Ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya zo barikin Dodan ya miƙa wuya. Kiyasi da dama na cewa sama da mutum miliyan 1 suka mutu, mafi yawa yara ne da yunwa ta kashe. Gowon ya yi abin a yaba da ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, bai kafa kotun ramuwar gayya ba.

Amma rundunar da ta shiga yaƙin da mutum wajen 10,000 ta fito da wajen 250,000, ba barikin da zai ɗauke su, ga albashi, ga hafsoshi matasa da suka ɗanɗana iko. Gowon ya yi alƙawarin miƙa mulki a 1976, ranar 1 ga Oktoban 1974 ya fito ya ce hakan ba zai yiwu ba. A wannan lokacin ne aka yi badaƙalar siminti da tsofaffin ma'aikatan Apapa ba za su manta ba, aka yi odar wajen tan miliyan 20, mafi yawa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ma a cikin jirgi ya daskare. Bayan an kifar da Gowon aka binciki gwamnoninsa 12, 10 aka samu da laifi, na Legas Mobolaji Johnson yana cikin 2 da suka fita. Duk mai cewa soja ba sa sata to ya fara daga nan. Kuma wa ya sanar da kifar da Gowon ranar 29 ga Yulin 1975 yana taro a Kampala? Joe Garba, kwamandan rundunar da ke gadinsa. Shekara 48 bayan haka shugaban masu gadin Bazoum ya maimaita irin ta.

Murtala, hoton da ke cikin kan kowa

Gaskiyar magana in ɗan Arewa ya ce soja su dawo, Murtala yake gani a ransa, ko Buhari da Idiagbon. Kuma Murtala ya yi abin da za a so shi, ya zo da zafi, ya kwashe cunkoson tashar jiragen ruwa, ya ƙara jihohi zuwa 19, ya yanke shawarar mai da babban birni Abuja, ya sa ranar miƙa mulki, ya tsaya wa Angola ya ƙi bin ra'ayin Amurka, yana yawo ba jiniya ba rakiya. Wannan rashin rakiyar ce ta ba su Laftanar Kanar Dimka, masu yunƙurin juyin mulki, dama suka buɗe wa motarsa wuta a cunkoson Ikoyi da safiyar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976. Motar na nan a gidan tarihi na Onikan da ramukan harsashi, duk wanda bai taɓa zuwa ba ya daure ya je.

Sai dai kwana wajen 200 kawai ya yi, bai daɗe ba balle a ga ƙarshen tafiyar. Kuma ko a cikin kwanakin nan akwai abin da har yau ake jin raɗaɗinsa: korar ma'aikata sama da 10,000 ta rediyo, wasu da laifi wasu ƙarya aka yi masu, ba a saurari kowa ba, mutum ya tashi da safe yana babban sakatare kafin azahar an ce ya fita daga gidan gwamnati. Masana aikin gwamnati da yawa na ganin daga nan ma'aikaci ya koyi cewa kujerar ba tabbas, gara ya tara abin da zai tara tun da wuri. An zo gyara sata sai aka koya wa mutane yin ta da sauri. Sannan rundunar da ya jagoranta lokacin yaƙi ita ake dangantawa da kisan fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, mutanen can ba irin kallon da muke masa suke masa ba.

Bayan kashe shi aka ɗaure hafsoshi a jikin durom aka harbe a bakin teku na Bar Beach da Kirikiri, har da ministan tsaro Manjo Janar Bisalla, jama'a suna zuwa kallo. Wurin yanzu an cike shi da yashi ana gina Eko Atlantic.

Aljihun talaka a hannun soja

Tunda maganar tsadar rayuwa ce ta kawo mu, bari mu duba nan da kyau. Buhari ya zo ranar 31 ga Disambar 1983, Abacha ne ya karanta sanarwar, ya lissafo asibitoci ba magani, ma'aikata ba albashi, abinci ya yi tsada, kai ka ce yau ake magana. An yi murna sosai. Aka kawo yaƙi da rashin ɗa'a, bulala da tsallen kwaɗo, mutane suka koyi bin layi, amma layin na neman madara da sukari da sabulu ne da suka ɓace a kasuwa. A Afrilun 1984 aka canza launin kuɗi cikin 'yan kwanaki aka rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, har 'yan'uwanmu na Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokacin suna El-Buhari. Dikiri mai lamba 2 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, mai lamba 4 ta ɗaure 'yan jarida 2 na jaridar Guardian, mai lamba 20 ta sa aka harbe matasa 3 a 1985 kan safarar ƙwaya, laifin da lokacin da suka aikata shi hukuncinsa ba kisa ba ne.

Mu 'yan Legas akwai namu na musamman. Gwamna Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa na cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985 aka kuma biya kamfanin diyya mai yawa a kan aikin da ba a yi ba. Sai a Satumbar 2023 jirgin Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja. Duk wanda ya taɓa kwana a gosulo tsakanin Oshodi da Agege ya lissafa shekarun nan da kansa.

Babangida ya ture Buhari ranar 27 ga Agustan 1985, nan ma an yi murna don ya buɗe gidajen yari yana murmushi. Shi ya kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu, a 1986. Kafin nan dala 1 ba ta kai naira 1 ba a farashin gwamnati, a gwanjon farko ta haura naira 4, kafin ya sauka a 1993 ta doshi naira 22, zamanin Abacha kuma 'yan canji na sayar da ita sama da naira 80 yayin da 'yan lele ke samu a 22 daga gwamnati su juyar. Fetur kwabo 20 ne a 1985, ranar da soja suka tafi a 1999 naira 20 ne, ninki 100 ke nan. Karya darajar naira da cire tallafi da muke zagin gwamnatin yanzu a kansu, masu kaki ne suka fara buɗe ƙofar. Kuɗin da aka kwashe zamanin Abacha kuwa har yanzu dawo da su ake daga Suwizalan da Amurka da tsibirin Jersey, dala miliyan 311 da aka karɓo a 2020 an ce a titin Legas zuwa Badun da na Abuja zuwa Kano da gadar Neja ta 2 za a zuba su.

Ranar da aka kusa mai da mu baƙi

Wannan ita ce ranar da nake so duk Bahaushen Legas mai kiran soja ya sani. Ranar 22 ga Afrilun 1990 wasu hafsoshi suka far wa barikin Dodan da manyan bindigogi, suka kashe dogarin Babangida Laftanar Kanar U.K. Bello, shi kansa da ƙyar ya sha. Manjo Gideon Orkar ya hau gidan rediyon tarayya na Ikoyi ya sanar da cewa an cire jihohin Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya, 'yan asalin jihohin nan su koma gida. Ka tuna jihohin lokacin sun haɗa da Kebbi da Zamfara da Jigawa da Yobe da Gombe na yanzu. Da abin ya yi nasara, mai sayar da shanu a Oko-Oba, mai canji a Broad Street, mai gadi a Ikoyi, mai suya a Obalende, duk kafin la'asar sun zama baƙin haure a garin da wasunsu a nan aka haifi iyayensu. An murƙushe juyin a ranar, daga baya aka harbe mutum 69, Babangida kuma ya gaggauta komawa Abuja a Disambar 1991.

Nan ne gizo ke saƙar. Mai kiran soja yana zaton odar Murtala ya bayar, alhali ba wanda ke zaɓar wanda zai riga isa gidan rediyo. Zai iya zama Murtala, zai iya zama Dimka, zai iya zama Orkar. Haka bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, zaɓen da Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, hafsoshi ne suka soke a Abuja amma Hausawan Kurmi ne suka dinga ɗaure kaya suna cika motoci don tsoron abin da zai biyo baya.

Masu son soja fa, ba su da hujja ne?

Suna da ita. Babban titin Legas zuwa Badun, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, Festac, tashar Tin Can, matatar Warri, ƙarasa gadar Third Mainland a 1990, bautar ƙasa, jihohi 36 ɗin nan kaf in ka cire tsofaffin yankuna, duk zamanin soja ne. Asusun rarar kuɗin man fetur, wato PTF, na zamanin Abacha ya gyara tituna ya kai magani asibitoci, mutane sun gani da idonsu. A nan Legas Buba Marwa ya yi aiki tsakanin 1996 da 1999 har yau sunansa na kan keke mai ƙafa 3. Kuma gaskiya ne mulkin soja bai da tsadar 'yan majalisa 469 da tawagar hadimai. Amsar da zan bayar ita ce mafi yawan manyan ayyukan nan na shekarun 1970 ne lokacin da farashin mai ya ninka kusan sau 4 kuma mutanen ƙasar ba su kai rabin na yanzu ba, da kuɗin ya ja baya sai aikin ma ya ja baya, kakin bai hana ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Hujjar tsaro ita ce ta fi jan hankali, wai soja ne za su gama da 'yan bindiga. To ai yanzun ma su ne a dajin, babu wani farar hula da ya riƙe masu hannu a Zamfara ko Sambisa. Kuma rikicin 'yan Tatsine na Jimeta a 1984 da na Gombe a 1985, da rikicin Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, duk soja ke mulki. An fara harbe 'yan fashi a bainar jama'a tun farkon shekarun 1970, fashin bai tsaya ba. Abin da mulki ke yi wa soja shi ne ya cinye shi daga ciki: hazikan hafsoshi su bar fagen daga su koma neman kujerar gwamna da shugabancin hukumomi, ƙaramin hafsa mai uban gida ya fi janar ƙarfi, shugaba na tsoron ba runduna kayan aiki kar a juya su kansa, kowane zargi kuma a harbe wasu. Babangida ya sa hannu aka harbe abokinsa na yarinta Mamman Vatsa a Maris 1986. Abacha ya ɗaure Obasanjo, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, Diya mataimakin Abacha ma hukuncin kisa aka yanke masa. A daidai wannan lokacin sojojinmu na can Saliyo suna mutuwa don mai da zaɓaɓɓen shugaba Tejan Kabbah kan kujerarsa a 1998, alhali wanda ya ci zaɓe a gida yana tsare.

Wani abin kuma, ina sojan suka je ne da za a ce su dawo? Obasanjo shekara 8, Buhari shekara 8, David Mark ya shugabanci majalisar dattawa shekara 8, tsarin mulkin 1999 da ya haramta juyin mulki shi kansa da dikirin soja aka kafa shi.

In ya faru gobe, me zai samu talaka?

Makon farko iyaka a rufe, dokar hana fita, shingaye a hanya, tirelolin tumatir da albasa da shanu su maƙale tsakanin Jebba da Ogbomosho, kayan gwari kuwa ba sa jiran sanarwa ta 2. Mai acaɓa da mai shayi da mai suya da dare ne kasuwarsu su ne za su fara ji a jikinsu. Sai takunkumi, masu kuɗi su kwashe dala, farashinta ya tashi. Mun ga yadda aka yi a Nijar da aka rufe iyaka aka yanke wuta, ba su Tchiani ne suka kwana da yunwa ba, mutanen Maraɗi da Ƙonni ne, da namu na Jibiya da Illela. Sannan bakin da ake zagin shugaba da shi a TikTok da Facebook zai rufu. Ko a ƙarƙashin farar hula an ga abin da ya faru a Zariya a 2015 da Lekki a 2020 da Tudun Biri a 2023, amma aƙalla an kafa kwamitoci, jaridu sun rubuta, lauyoyi sun je kotu, a Tudun Biri har manyan hafsoshi suka je ba da haƙuri. In su ne gwamnatin, wa za a kai wa ƙara?

Sai babbar tambayar da ba a cika yi ba, in bai yi maka ba ta yaya zai sauka? A Mali da Burkina Faso da Nijar duk da gajeren wa'adi ko alƙawarin riƙon ƙwarya aka fara, yanzu kowannensu ya samu ƙarin shekara 5, a Mali da Nijar an ma rushe jam'iyyu. Namu ma haka suka yi, Gowon ya ɗage, Babangida ya ce 1990 ya koma 1992 ya koma 1993 ya ƙare da soke zaɓen, Abacha kuma a Afrilun 1998 jam'iyyu 5 da ya yi wa rajista duk suka tsayar da shi ɗan takararsu shi kaɗai. Shugabannin soja 2 ne suka shirya zaɓe suka miƙa wa wanda ya ci, Obasanjo a 1979 da Abdulsalami a 1999, kuma dukkansu ba su suka yi juyin mulki don kansu ba, mutuwar na gabansu ce ta ɗora su a kujerar.